A Maudsley, Inda Ake Neman Damuwa a Hoton Ƙwaƙwalwa

Duk wanda ya sauka a tashar jirgin ƙasa ta Denmark Hill da ke kudancin Landan, ya ɗan taka kaɗan, zai tarar da asibitoci biyu suna fuskantar juna: King's College a wannan tsallake, Maudsley a wancan. Maudsley na je gani, tsohon gini na jan bulo da ya fara karɓar masu taɓin hankali a 1923. Ɗan yayata, wanda ya tashi a Kurfi kuma yake aikin jinya a birnin, shi ya yi mini jagora.

Abin da ya fara burge ni shi ne ƙofar. Mutane na shiga suna fita, wasu da jakar aiki, wasu riƙe da hannun iyayensu, ba mai rufe fuska, ba mai waige-waige don kada a gan shi. Ɗan nawa ya ce, "Kawu, a nan mai ciwon damuwa da mai hawan jini duk marasa lafiya ne, ba wanda ake yi wa kallon ya gaza." Ya kuma tuna mini cewa a nan ɗan Najeriya Thomas Adeoye Lambo ya ƙware, kafin ya koma Aro ta Abeokuta a 1954 ya riƙa saukar da majinyata a gidajen ƙauye tare da danginsu.

A bayan asibitin akwai cibiyar bincike ta Jami'ar King's College, inda ake ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa da na'urar MRI. Suna karɓar lafiyayyu 'yan sa-kai domin a gwada hotunansu da na marasa lafiya, sai na ba da kaina. Aka karɓi agogo, zobe da makullai, domin na'urar maganaɗisu ce mai ƙarfin gaske. Aka toshe mini kunnuwa, aka kwantar da ni, gadon ya zura kaina cikin wani farin kogo. Ƙarar kuwa kamar maƙera sun taru a kan uwar maƙera ɗaya. Ba allura, ba yanka, ba zafi. Da na fito, ga cikin kaina a allon kwamfuta, yanki bayan yanki: sashe mai ruwan toka inda ƙwayoyin jijiya suka taru, da farin sashe, wato igiyoyin da ke sada su.

Me ake nema a ciki? Likitoci sun daɗe da lura cewa ciwon damuwa suna ɗaya ne, amma kama daban-daban. Wani barci ke ƙaurace masa, wani ya wuni a kwance. Wani ya ƙi abinci, wani ya yi ta ci. Maganin da ya tashi wannan, sai ya bar wancan a inda yake, a kwashe makonni ana gwaji. A 2024 Farfesa Cynthia Fu da abokan aikinta daga ƙasashe da dama suka wallafa bincike a mujallar Nature Mental Health kan hotunan majinyata 685 da ba sa shan magani a lokacin. Suka gano rukuni biyu: na farko sassan ƙwaƙwalwarsu na nan da cikarsu, kuma maganin damuwa da aka ba su daga baya ya fi ƙwayar da ba magani a cikinta amfani gare su ƙwarai; na biyu sassan sun ɗan ragu a wurare da yawa, kuma tazarar da ke tsakanin maganin da ƙwayar ba ta taka kara ta karya ba. A shekarar ce kuma ayarin Leanne Williams na Jami'ar Stanford a Amurka ya fitar da rukuni 6, ta hanyar duba yadda sassan ƙwaƙwalwa ke aiki tare.

Sai dai abin da ya fi shiga raina shi ne gaskiyar ma'aikatan cibiyar. Matar da ta ɗauki hotona ta ce har yanzu ba a gano ciwon damuwa da hoto a ɗakin likita. Da tambaya da sauraro ake gano shi, hoton bincike ne da ake fatan wata rana zai rage wa majinyaci jira. Mutane ne masu na'ura mai tsadar gaske, amma ba su ɗora mata abin da ba ta kai ba.

Mu a Dutsin-Ma da Kurfi mun san wannan ciwo, ko da mun kira shi da wani suna. Manomin da 'yan bindiga suka raba da gonarsa, uwar da aka sace wa ɗa, ɗalibin da ya daina fita daga ɗaki, sai mu ce tunani ya yi masa yawa, ko sammu ne, ko ƙarancin tawakkali. Tun Janairun 2023 Najeriya ta sami sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958, muna kuma da Jami'ar Tarayya a Dutsin-Ma tun 2011, wadda za ta iya nazarin halin da mutanenmu ke ciki.

Na'urar za ta iya jinkirin isowa, amma sauraro ba ya buƙatar wutar lantarki. Idan ɗan'uwanka ya wuce mako biyu ba walwala, ba barcin kirki, ba sha'awar abin da ya saba so, ka zauna ka saurare shi, ka yi masa addu'a, sannan ka kama hannunsa ka kai shi asibiti.