Fijo Mai Tafiya da Ƙafa Uku

Asabar

Tun daga gonar riɗi a-kori-kurar ta fara fizga. Peugeot 504 ce, irin waɗanda aka harhaɗa a Kaduna, ta ma girmi direbanta, wato ƙanena. Idan tana silo sai sandar giya ta yi ta kakkarwa, salansa na cewa fut, fut. Da muka shiga rairayi da buhuna a baya, giya ta biyu ta gagara, da ta ɗaya muka lallaɓo Gagarawa. Ga shi ranar Alhamis akwai awaki da buhunan zoɓon mutane da muka yi alkawarin kaiwa kasuwar Maigatari.

Lahadi

Duk wanda ya leƙo sai ya ce mai ne. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, mota ko tari ta yi, 'yan bumburutu ake zagi. Mun tsiyaye tanki a bokiti, aka samu ɗan ruwa da tsatsa a ƙasa, muka sauya filta. Tashi ya yi sauƙi, fizgar tana nan. Abin da ya tsaya mini shi ne, kafireta ɗaya ce ke shayar da silinda huɗun. Da mai ne, da duka za su shaƙe, babu tsari. Wannan kuwa a kan ƙa'ida take tsallake bugu ɗaya.

Ƙanena ya ce, "Yaya, a aika kasuwar Ƙofar Ruwa a sayo kafireta ta hannu a huta." Na ce a bari mai sana'a ya gani tukuna.

Litinin

Mun kai ta Gumel wurin wani dattijon bakanike da ya tsufa a kan Fijo. Bai taɓa sifana ba sai da ya gama saurare. Ya ce, "Ɗana, abu uku silinda ke so: wuta, mai da matsi. Amma kafin nan sai mun san wace ce ta kwanta."

Ya naɗe hannu da tsumma, inji na silo, ya riƙa zare wayar filogi ɗaya bayan ɗaya. Ya zare ta farko, inji ya nemi mutuwa, ya mayar. Ta biyu ma haka. Da ya zare ta uku, ko gezau. Ita ce ba ta aiki, sauran ukun ke jan ta. Ya ja kunnen yaransa cewa a Fijo daga wajen kuloci ake fara ƙirga, ba daga wajen lagireto ba, kuma wutar tana bin 1-3-4-2. Yara da yawa sun juya wayoyi saboda wannan, sun ƙara wa mota ciwon da ba ta zo da shi ba.

Filogin injin nan can cikin rami yake, sai da doguwar sifana. Ya fito baƙi, jiƙe, yana warin fetur. Mai dai yana isowa ke nan. Na ɗauka sabo za a sayo, sai ya musanya shi da na silinda ta biyu, ya sake tayarwa. Ciwon bai bi filogi ba. Ya musanya wayar ma, ciwon yana nan a ta uku. Ya buɗe murfin distiributa ya haska, babu tsaga, babu baƙin layin da wuta ke bi ta gudu. Ya kusantar da bakin waya ga ƙarfen inji, tartsatsi ya yi tsalle, shuɗi, da ƙara ƙyas. Har zuwa nan ko sisi bai sa na kashe ba, kuma wannan musanyar ita ce na ga ta raba shi da masu cewa a sauya kaza a gani.

Saura matsi. Ya yagi takardar buhun siminti ya riƙe a bakin salansa. Hayaƙi na tura ta waje, amma jifa-jifa sai ta manne da bakin bututun, kamar an zuƙe ta. Ya ce bawul ɗin fitar hayaƙi ne ba ya rufuwa, shi ya sa idan fistin ya sauka yake jawo iska ta baya. Ba a auna bawul ɗin injin nan yana da zafi, don haka motar ta kwana a gareji.

Talata

Da sassafe aka cire murfin bawul. Ya juya inji da hannu, ya zaro ma'auninsa mai siraran ƙarafa. Ƙa'idar injin nan a sanyi ita ce milimita 0.10 ga bawul ɗin shiga, 0.25 ga na fita. A ta uku, ko mafi sirantar ƙarfen bai shiga ba. Da shekaru bawul yana nutsewa a mazauninsa, tazarar ta cinye, idan inji ya ɗau zafi ƙarfe ya miƙe sai ya tsaya a ɗan buɗe. Matsi ya zurare, wuta ta samu abin da bai isa ya kama ba. Ya sassauta noti, ya juya sukuru, ya ɗaure, ya bi sauran bakwai ɗin. Biyu daga ciki su ma sun fara matsewa.

Aka tayar. Sandar giya ta tsaya cak, takardar kuma ba ta sake mannewa ba. Ƙanena, mai kafireta, ya koma gefe yana goge gilashi.

Dattijon bai bar ni na yi murna da yawa ba. Ya ce bawul ɗin da ya daɗe ba ya zama ba ya samun sauke zafinsa a mazauni, gefensa kan fara ci. In fizgar ta dawo, sai an sauke kan inji an wasa bawul, a sa sabon gasket.

Laraba

Gwaji babu kaya, Gagarawa zuwa Gumel da dawowa. Lafiya lau. Na sa aka sauya baƙin mai, domin fetur ɗin da bai ƙone ba yana gangarawa cikinsa ya tsinka shi, kuma da aka zaro sanda warin ya tabbatar.

Alhamis

Mun loda bayan sallar asuba. A rairayin bakin kasuwar dabbobi ta Maigatari, inda manyan motoci ke jiran shanun da aka koro daga Nijar, ta wuce da giya ta biyu. A hanyar dawowa, da inji ya yi zafi sosai, na ji fut ɗaya a silo, ƙanena ya ce shi bai ji ba. Na kira dattijon, ya ce a kawo ta Asabar da safe a sake aunawa, kuma in fara tanadin kuɗin gasket kafin a gama kaka.