Gidajen abincin Mararaba da muka nema muka rasa

'Yan uwa ɗalibai, musamman 'yan Arewa mazauna Mararaba, Nyanya, Ado da Masaka da ke jigilar karatu zuwa Keffi ko Gwagwalada. Rubutun zai ɗan yi tsawo, a yi haƙuri da ni.

Daga 2020 zuwa yau, wuraren cin abinci huɗu da na saba da su a Mararaba sun rufe. Babu ko ɗaya a cikinsu da ke da allon suna. Da kwatance ake zuwa: bayan gidan mai, gefen masallaci, lungu na biyu in ka baro Sharp Corner. Shi ya sa da suka tafi babu wanda ya ji labari sai mu da muke ci. Lokacin da rassan Mr Bigg's suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya, jaridu sun yi ta rubutu, don kamfani ne babba da ke nan tun 1986. Rumfar mai tuwo kuwa, ranar Litinin ka ci, ranar Alhamis ka tarar da kwado a ƙofa, bayan wata guda an yi fenti an zuba wata sana'ar.

Wanda ya yi digirin farko a ABU yana da Community Market da zai riƙa tunawa. Ɗan BUK yana da Coke Village. Mu 'yan mastas da ke zaune a nan me muke da shi? Ba mu kwana a makaranta. Yawancinmu muna aiki ko buga-buga a cikin Abuja daga Litinin zuwa Alhamis, mu fita da asuba mu sha cunkoso daga Mararaba zuwa Nyanya, mu haura Kugbo kafin mu ga AYA. Juma'a da Asabar kuma mu juya baya mu nufi Keffi lakca. Ana tashi kowa ya ruga neman mota. Za ka yi semesta guda da mutum ba ka san garinsu ba. Abin da ake kira rayuwar makaranta, wato hira da musu da sanin juna, mu a kan bencin mai abinci muka same shi, a garin da a takarda yake cikin ƙaramar hukumar Karu ta jihar Nasarawa, amma in an kira ka daga gida sai ka ce kana Abuja.

Garin ma ai haka ya cika. Tsadar haya a cikin birni, da rusau ɗin zamanin da El-Rufai yake ministan Abuja, tsakanin 2003 da 2007, su suka turo jama'a nan. Kusan kowa baƙo ne, kuma gwauraye sun yi yawa. Gwauron da ya dawo ƙarfe tara na dare ba zai ɗora tukunya ba. Dole a samu mai dafa masa.

A cikin huɗun, wadda ta fi tsaya min a rai ita ce Hajiya mai tuwo. Mutuniyar ƙasar Zazzau ce, dattijuwa, ba ta da yawan magana. Rumfa ce ta kwano, benci uku, buta biyu a bakin ƙofa da sabulu a cikin murfin roba. Tuwon shinkafa da na masara, miyar kuka ko busasshiyar kuɓewa, ranar da aka yi sa'a a samu taushe. Daddawarta daga gida ake aiko mata a motar 'yan kasuwa, don ta ce ta nan ba ta da ƙamshi. Man shanu kuma ba ta bari yaranta su zuba, ita ke zubawa da kanta, kuma daga yawan abin da ta zuba maka za ka gane matsayinka a wurinta. Ranar Juma'a akwai dambu da zogale, in ka wuce ƙarfe uku sai dai ka ji labari. Na fara zuwa wurin ina bautar ƙasa, ana ba mu alawus na 33,000, kuma da naira ɗari uku nakan ci malmala biyu da nama in tashi da ƙyar.

Amma abin da ya riƙe mu a wurin, gaskiya, littafinta ne. Tsohon littafin makaranta ne da bangonsa ya sha manja, jikarta ke rubutawa. Ba a sa sunan mutum na gaskiya. Za ka ga "Ɗan Funtuwa", "Mai gilashi", "Malamin Keffi", "Dogo na banki". In wata ya yi nisa sai ka ci, ka wanke hannu, ka ce, "Hajiya, a sa a littafi." Ita kuma ta ce, "To ɗana, Allah Ya hore," ba tare da ta ɗaga murya yadda na kusa da kai zai ji ba. Ba ta taɓa tambayar katin shaida ko lambar waya ba. Ta san wanda albashinsa ke shigowa ranar 25, ta san wanda sai an shiga sabon wata, ta san lokacin biyan kuɗin makaranta, lokacin da littafin ke cika. Na san mutum uku a ajinmu da suka iya biyan rajista a kan lokaci saboda cikinsu yana kan bashi na sati shida. Ku gaya min bankin da zai yi wa ɗalibi haka.

A kan bencin nan aka gyara min babi na ɗaya. Wani yaya da ya riga mu gamawa ya karanta yana cin tuwo da hannun dama, yana jan layi da biro a hagu. A nan ake jin wane lakcara ne ba ya son a kira shi da dare, wa ke da tsofaffin tambayoyin jarrabawa, wane gida ne ɗaki ya fita a Kabayi ko Aso. A nan aka haɗa kuɗin mota aka kai wani ɗan ajinmu gida da mahaifinsa ya rasu.

Abin da ya kashe rumfar ba a ɓoye yake ba. Bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, kafin ƙarshen Yuli ta wuce 600. Duk abin da ke tukunyarta a mota yake zuwa, daga shinkafa har tumatir da albasar da take sarowa a kasuwar Orange. A 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100, buhun shinkafa ya fi ƙarfin mafi ƙarancin albashi na 70,000. Hajiya ta ƙara kuɗin kwano sau uku, ta rage girman malmala, ta koma itace daga gas, ta daina dambun Juma'a. Wata rana na ji tana wa wani lissafi: kuɗin da ta ba da bashin kwano goma a farkon wata, in an biya ta a ƙarshen wata, ba ya sayen cefanen kwano takwas. Duk da haka ba ta rufe littafin ba. Da mai fili ya ninka haya ya ce kuma ta shekara biyu yake so a dunƙule, sai ta haɗa tukwanenta.

Sauran ukun kowa da abin da ya ci shi. Mai masa 'yar Bauchi, kullen korona ne: an rufe Abuja ranar 30 ga Maris 2020, Karu ma aka kulle ta, ta cinye jarinta a gida, ba ta sake kafa tanda ba. Akwai wata Madam 'yar Binuwai mai sakwara da miyar agushi, wadda 'yan Arewa suka yarda da ita saboda kowa na ganin mahaucin da ke kawo mata nama kullum da safe. A wurinta da yawanmu muka koyi cin sakwara. Rumfarta na bakin titi, ranar da aka zo share gefen hanya aka haɗa da ita.

Sai mai shayinmu, mutumin Maraɗi. Shi tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya fara jigata, bayan da aka sauya fasalin 200 da 500 da 1000. Ba shi da asusun banki, sai ya ari lambar wani mai shago ana tura masa, rabi ya shigo rabi a ce netiwok. Daga baya naira ta faɗi a gaban sefa, abin da yake aikawa gida ya zama ba ya tsinana komai. Ga juyin mulkin Yulin 2023 da rufe iyaka da ya biyo baya. Da aka buɗe a 2024 ya tafi ganin gida, har yau teburinsa ba kowa. Wallahi har yanzu in na sauko daga mota da dare idona na kaiwa wurin.

Kada kewa ta sa mu yi ƙarya. Wuraren nan ba aljanna ba ne. Akwai ƙuda, akwai kwata a gefe, da damina sai ka ɗaga ƙafa kana ci. Sababbin da ake buɗewa yanzu sun fi tsafta nesa ba kusa ba, ga tayil, ga fanka, ga abinci a cikin gilashi. Ina zuwa, kuma ba na raina su, su ma haya suke biya. Sai dai a can kafin a zuba maka sai an ga shaidar kuɗi ya shiga, yarinyar da ke kanta gobe wata ce daban, kuma kana ajiye cokali ana jiran kujerar. Yawanci ma a roba ake ƙunshe maka ka tafi ɗaki ka ci kai kaɗai kana kallon waya. Inda rumfar Hajiya take yanzu mai POS ne a gaba, shagon cacar ƙwallo a baya. 'Yan ajin da ke bayanmu, da na tambaye su ina suke haɗuwa, sai suka ce a WhatsApp.

Abin da ya sa na yi rubutun yau shi ne littafin. Hajiya ta tashi ne a lokacin hutu, yawancin ɗalibai suna gida, kuma ba ta aika wa kowa ya kawo abin da ake binsa ba. Makwabta sun ce ta koma wajen 'yarta, wasu su ce Suleja, wasu su ce Zariya. Lambar jikar tata ba ta shiga. Zuwa yanzu mutum biyar sun yi min magana, kowa ya san adadin da ke kansa kuma yana son ya sauke. Mun yanke shawarar a biya da farashin kwanon yau, kada a bi na wancan lokacin, kuma wasu da ba a bin su komai sun ce za su ƙara nasu a kai. Kuɗin na hannun shugaban ajinmu.

Don Allah duk wanda ya taɓa cin tuwo a rumfar kuma ya san inda take, ko ya san mai motar da ke kawo mata daddawa, ya yi min magana ta saƙo. Wanda kuma ya tuna sunansa na cikin littafin, ƙofa a buɗe take har ƙarshen watan nan.