Kwaɗon da Muka Raina

Mu da muka tashi a Sakkwato mun san kwaɗo tun muna yara. Da zarar ruwan farko ya sauka, kukansu kan cika fadamar Kwalkwalawa har gari ya waye, mu kuwa aikinmu jifansu da dutse. Da malaminmu na kimiyya ya ce mu kawo kwaɗi biyar domin darasi, sai muka cika masa bokiti. Ya ɗauki biyar ɗin, sauran muka manta da su a bayan aji, rana ta kashe su duka.

Washegari bai yi mana bulala ba. Ya ɗauki alli ya zana wasu 'yan zaruruwa a allo, ya ce sunansu kuromosom, suna cikin ƙwayoyin halittar jiki, kuma su ke ɗauke da gadon da 'ya'ya kan samu daga iyaye. Mutum yana da 46. Kwaɗon nan mai kaushin baya da ke kwana a gindin randa yana da 20, alhali mafi yawan danginsa na Turai da Asiya da Amurka suna da 22. Masana suna ganin kakanninsa ma 22 suke da su, sai adadin ya ragu a nan Afirka, zuriyarsu ta gaji haka.

Akwai kuma wani kwaɗon ruwa mai farce da ake kira Xenopus. Wanda ke dazuzzukan kudancin Najeriya yana da 20, na Afirka ta Kudu 36, domin a zamanin da iri biyu suka haɗu, 'ya'yansu suka riƙe gadon kowane ɓangare ɗungurungum. Na tafkin Oku a Kamaru har 108 gare shi, kuma ban da wannan tafki ba a samunsa ko'ina a duniya. Da irin na Afirka ta Kudu ne John Gurdon na Ingila ya yi gwajin da ya wallafa a 1962, wanda ya kai shi ga kyautar Nobel a 2012.

Da ya gama, sai ya tambaye mu kwaɗi nawa ne a bokitin. Babu wanda ya ƙirga. Muka sunkuyar da kai, ya miƙa mana fartanya, muka je bayan aji muka binne su kafin a buga ƙararrawar tashi.