Taswirar Da Ta Yi Wa Wuƙa Ja-gora

Ran da likita ya miƙo mini takardar amincewa a yi wa ƙanwata fiɗa, jikina ya ɗauki rawa kamar mazari. Ni da na saba tsare manya da tambayoyi a bakin aikin jarida, ranar bakina ya mutu.

Ciwon ya faro ne da gani biyu-biyu, sa'an nan hannunta na hagu ya yi sanyi, ko ruwa ta kurɓa sai ya sarƙe ta. A gida aka ce iska ce, aka yi ta turare. Da hoton MRI ya fito, sai ga wani curin ƙananan hanyoyin jini yana tsiyaya a gindin ƙwaƙwalwa, watau kututturen nan da ya haɗa ƙwaƙwalwa da laka. Da kaɗan ya ɗara babban yatsa, amma nan ake sarrafa numfashi da bugun zuciya da haɗiya, ta nan kuma umarnin motsa hannu da ƙafa ke ratsawa. Aka sayar da gonar gado, muka tafi Indiya.

Da ƙyar na ce, "Likita, ta ina wuƙa za ta bi a wurin da babu masaka tsinke?" Sai ya juyo da allon kwamfuta. Na ga zare-zare masu launi kamar a rumfar masaƙi: ja ya bi dama da hagu, kore gaba da baya, shuɗi sama da ƙasa. Ya ce ruwan da ke cikin ƙwaƙwalwa ya fi son bin tsawon jijiya bisa ga ƙetara ta, tamkar kananzir a jikin lagwani. Na'urar takan auna inda ruwan ya dosa, ta haka a zana hanyoyin. Peter Basser da abokan aikinsa suka fito da wannan dabara a Amurka cikin 1994.

Taswirar ta nuna curin bai tsinka jijiyoyin motsi ba, ture su ya yi gaba. Ashe ƙofa tana ta baya, inda ciwon ya matso bakin gaɓa.

To, amma fa bai ɓoye mini kome ba. Inda jijiyoyi suka gitta juna hoton kan ruɗe, kuma da an buɗe kai ƙwaƙwalwa kan ɗan gusa. Saboda haka za su riƙa gwada jijiyoyin da 'yar wutar lantarki muddin ana aiki. Wannan gaskiya, fiye da launukan, ita ta sa na yi bisimilla na sa hannu.

Yau wata tara ke nan. Gefen fuskarta bai gama saki ba, tana kuma ɗan ɗingishi. Amma jiya da safe da hannun hagu ta miƙo mini kofin shayi. Da can da na yi mata faɗan rashin ladabi. Hannu biyu na sa na karɓa, ina yi wa Allah godiya.