Ranar da Muka Kewaye Dutsen Sella

A bazarar 2019 ina ɗalibi a Bolzano, can arewacin Italiya, garin da duwatsu suka yi wa ƙawanya. Na tashi a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, inda ido ke tafiya sai ya gaji don kansa, saboda haka ban taɓa ɗaukar duwatsun nan a matsayin wurin da zan taka ba. Nakan ga masu hawansu da sassafe a tashar mota, da jakunkuna a baya da sanda bibbiyu a hannu, in ce a raina wannan sai 'yan gado. Wani abokin karatuna ɗan Maraɗi ne ya zo mini da maganar. Ya ce, "Malam, ka tanadi ranar Asabar. Akwai keke mai batir, akwai motar igiya, akwai kuma mai yi mana jagora. Ƙafarka kawai ake bukata." Kuɗin sun yi wa aljihun ɗalibi nauyi, amma muka daure muka biya.

Daga Selva muka tashi, ƙauyen da ke ƙarshen kwarin Gardena. Tafiyar ana kiranta Sellaronda, wato kewaye tsaunin Sella gaba ɗaya a yini guda, kusan kilomita 60, ta mashigai huɗu: Gardena, Campolongo, Pordoi da Sella. A lokacin sanyi masu sulun ƙanƙara ne ke bin wannan zagaye. Idan ƙanƙara ta narke sai a bar wasu daga cikin motocin igiyar suna aiki, su ɗauki mutum da kekensa.

Jagoranmu ɗan kwarin ne, ya haura hamsin, fatar fuskarsa duk rana ta dafa ta. Da sanyi yana koyar da sulu, da bazara yana jan masu keke, kuma danginsa na da filin ciyawa a saman dutse. Kafin mu motsa ya bi mu ɗaya bayan ɗaya, ya daidaita tsayin sirdi, ya ja igiyar hular kwano ya ga ta zauna, ya matsa taya da babban yatsa. Sannan ya yi mana bayanin keken. Injin yana tsakanin feda biyu, batirin yana cikin jikin ƙarfen. Ba babur ba ne: idan ka daina taka feda, shi ma injin ya daina. Dokar Turai ta ƙayyade ƙarfinsa a wat 250, kuma da zarar gudu ya kai kilomita 25 a awa sai ya janye taimakonsa. Keken ya fi kilo ashirin nauyi. A kan wannan nauyin ne ya fi jan kunnenmu, ya ce a hawa ba za mu ji shi ba, a gangara ne zai nuna kansa. Ya sa kowa ya ɗora yatsa ɗaya tak a kan kowane birki, muka yi ta zagaye filin ajiye motoci muna tsayawa muna tashi har ya gamsu.

Motar igiya ta farko ita ce Dantercepies. Ƙananan ɗakuna ne na gilashi, rataye a jikin igiyar ƙarfe da ke juyawa ba tsayawa. Idan ɗaki ya shigo tasha sai maƙalinsa ya saki igiyar, ya rage gudu har mutum ya shiga a natse, sannan ya sake kama ta. Wannan kamawar ce ke fizgar mutum. Ƙasa ta sulale daga ƙarƙashinmu, rufin gidaje ya ƙanƙance, muka bi ta saman bishiyoyi har muka ga ƙarshensu, domin akwai tsayin da itace ba ya wucewa. Duk lokacin da muka ratsa ta kan turke sai ɗakin ya yi 'yar girgiza, ni kuwa ina ta salati a zuci. Kunnuwana suka toshe. Cikin 'yan mintuna muka hau abin da mai ƙafa zai yi sa'o'i yana hawa.

A cikin ayarinmu akwai wata dattijuwa Bajamushiya, ta ba saba'in baya. Ta gaya mana cewa ita da mijinta sun yi shekaru suna hawan waɗannan duwatsu da ƙafa, har gwiwa ta hana ta, har shi kuma ya rasu. Keke mai batir ne ya dawo da ita. Na ga yadda ta tsaya a mashigar Gardena, sama da mita 2,100, tana nuna wa abokina wata hanya siririya a jikin dutse, tana faɗin shekarar da suka bi ta. Tun daga ranar ba na jure jin masu cewa keken batir na ragwaye ne, ko cewa wanda igiya ta kai shi sama bai cancanci abin da ya gani ba. Masu faɗin haka yawanci matasa ne masu lafiyar gwiwa da isasshen lokaci. Na ga fuskar matar nan, kuma na san ni kaina da ban taɓa zuwa wurin ba in ba don injin ba.

Amma abin da ya fi zama a raina daga wannan yini ya faru ne a gangarar da ke sauka Colfosco. Hanyar ta yi lanƙwasa mai tsawo ta kewaye wani fili kore shar, cike da furanni. Wani matashi daga cikinmu ya ga yanke ya fi sauƙi, sai ya saki hanya ya ratsa ta tsakiyar filin. Jagoran bai ɗaga murya ba. Ya tsayar da mu duka, ya jingine kekensa, ya kira mu mu zo mu duba. Tayar ta kwantar da ciyawa a layi ɗaya, kuma inda yaron ya danne birki ta kankare saman ƙasa har baƙar ƙasa ta fito. Ya durƙusa ya sa yatsa a ramin, ya nuna mana cewa ƙasar ba ta fi tsawon yatsan ba, ƙarƙashinta tsakuwa ce zalla. Ya ce ruwan sama zai bi wannan layin, shekara mai zuwa ya zama kwazazzabo ƙarami. Ya ce a wannan tsayin sau ɗaya ake yankan ciyawa a shekara, kuma ita shanu za su ci tsawon watannin da ƙanƙara ta rufe ko'ina. Sannan ya mayar da ɓawon ƙasar da hannu, ya danna shi da tafin takalmi.

Sai a lokacin idona ya buɗe ga abin da nake wucewa tun safe. 'Yan bukkokin katako da ke warwatse a filayen, waɗanda na ɗauka ado ne don masu ɗaukar hoto, rumbunan ingirici ne. Can gefe wani dattijo na yanka da lauje mai doguwar ƙota a inda gangara ta hana inji shiga, mata biyu na binsa da manjagara. Kowane fili da mai shi. Duk ƙofar shinge da muka buɗe, jagoran ne ke tsayawa a baya ya tabbatar an rufe ta, don kada shanun wani su fita. Idan muka iske masu tafiya a ƙasa sai ya sa mu rage gudu mu gaishe su. Na lura rabin aikinsa kare mu ne daga dutsen, ɗaya rabin kuma kare dutsen da mutanensa daga gare mu, kuma bai ɗauki na biyun da wasa ba ko kaɗan.

Da mu yana Ingilishi da Jamusanci da Italiyanci, amma da masu aikin tashoshi wani harshe yake yi da ban taɓa ji ba. Ladin ne, harshen kwaruruwan da ke kewaye da Sella, wanda masu yinsa ba su wuce dubu talatin da wani abu ba. An raba su tsakanin larduna uku, Bolzano da Trento da Belluno, kuma duk ukun muka taka a wannan yini. A makarantun kwarin Gardena yara na karatu da Jamusanci da Italiyanci, ana kuma koya musu nasu.

Corvara da Campolongo mun wuce su ba wani labari. Da muka doshi Arabba sai muka fara ganin ɓarnar guguwar Vaia, wadda ta auka wa yankin a ƙarshen Oktoban 2018 ta kayar da miliyoyin bishiyoyi. Gefen dutse guda sukutum, itatuwa kwance duk sun fuskanci waje ɗaya, saiwoyinsu a sama. Ana ta jin ƙarar zarto daga nesa. Jagoran ya ce dajin nan shi ke tare ƙanƙara da duwatsu daga faɗowa kan gidaje, kuma wanda ya dasa sabo ba shi zai ga girmansa ba.

Daga Arabba babbar motar igiya ta ɗauke mu zuwa Porta Vescovo, kusan mita 2,500. Muna fitowa daga tasha sai ga Marmolada a gabanmu, tsauni mafi tsayi a duwatsun Dolomite, mita 3,343, da daskararriyar ƙanƙara shimfiɗe a ƙirjinsa tana ƙyalli cikin tsakiyar bazara. Ban taɓa ganin irinta ba. Jagoran ya miƙa hannu ya nuna mana inda bakin ƙanƙarar yake lokacin yana yaro, can ƙasa sosai, inda yanzu sai dutse tsirara mai launin toka. Shekara uku bayan haka, ranar 3 ga Yulin 2022, wani ɓangarenta ya ɓalle cikin tsananin zafi ya hallaka mutum goma sha ɗaya. Da na ga hotunan na gane wurin nan take, jikina ya yi sanyi.

Mun ci abinci a wani gidan saukar baƙi na kan dutse. Abincin yankin cike yake da naman alade, jagoran kuwa tun kafin mu buɗe baki ya shiga kicin ya yi magana. Aka kawo mana polenta da cuku narkakke da naman kaza. Polenta tuwon masara ce ba ragi, har abokina ya ce saura miyar kuka. Da lokacin azahar ya yi muka yi alwala a famfon waje, ruwan kamar zai tsinke yatsu, muka shimfiɗa rigunan ruwanmu a bayan ginin. Jagoran ya riƙe sauran ayarin da hira har muka idar, bai ko dubi agogo ba.

A nan ne ya ciro wani ɗan dutse daga aljihunsa ya ba mu mu taɓa. A jikinsa akwai zanen ƙwanson dabbar ruwa, layi-layi, kamar jiya aka buga shi. Waɗannan fararen duwatsu a ƙarƙashin teku mai ɗumi suka samu, fiye da shekara miliyan 200 da suka wuce, kuma sunansu daga wani masanin Faransa ne, Dolomieu, wanda ya bayyana irin dutsen a 1791. Na juya shi a tafin hannuna, sama da mita dubu biyu daga teku, na ce Allah mai iko.

A mashigar Pordoi, mita 2,239, akwai dutsen tunawa da Fausto Coppi, gwarzon tseren keke na Italiya. Masu keken tsere na tsaye a gabansa, gumi na zuba, sun hau da ƙarfin cinyarsu tun daga ƙasa. Na girmama su, har yanzu ina girmama su. Daga nan aka shiga doguwar gangara zuwa Canazei, inda maganar safe ta tabbata. Babu abin da batir zai yi maka. Tsakuwa na zamewa, saiwoyi sun ratsa hanya, nauyin keken na tura ka gaba, yatsun birki sun ƙage. Jagoran na gaba yana kira: a miƙe daga sirdi, a mayar da jiki baya, a dubi inda ake so a je. Dattijuwar nan ta sauka ta tura kekenta a wurare biyu, muka jira ta, babu wanda ya ƙosa. Motar igiya ta ƙarshe daga Campitello ta kai mu Col Rodella, muka bi ta gindin dutsen Sassolungo muka gangaro Selva da la'asar sakaliya, hannuwa na rawa, ƙafafu duk taɓo.

A bazarar 2025 na karanta cewa wasu manoma masu filaye a Seceda, a wannan kwari na Gardena, sun kafa ƙofar ƙarfe mai juyawa a kan hanyar da ta ratsa gonakinsu, suna karɓar yuro 5 daga baƙi. Motar igiya na zubo musu dubban mutane a yini, kowa na neman hoto ɗaya da ya gani a waya, ana tattake ciyawa ana barin shara. An yi ta sukarsu, ana cewa dutse na kowa ne. Ina fahimtar masu sukar, domin ni ma baƙo ne da igiya ta kai sama, kuma ba na son ranar da za a ce sai mai kuɗi zai ga Marmolada. Sai dai kamfanin motar igiya na karɓar kuɗinsa, mai hayar keke na karɓa, masu otal na karɓa, mutumin da ke yanka da lauje kuwa shi ake bar wa gyaran ɓarna. Cikin dubban nan kaɗan ne ke zuwa da jagora da zai tsayar da su ya sa yatsa a ƙasa ya nuna musu zurfinta. Idan Allah ya sa na koma da 'ya'yana, zan biya yuro biyar ɗin ba musu, kuma zan sake neman ɗan kwarin ya shige mana gaba.