Jihar Teksas: Daga Kumbon Wata Zuwa Karar Shanu

Duk magidancin da ya yi niyyar kai iyalinsa yawon buɗe ido jihar Teksas ta ƙasar Amurka, to, ya fara duban taswira tun kafin ya dubi aljihunsa. Cikin jihohi 50 na ƙasar, Alaska kaɗai ta fi ta girma. Faɗinta ya kai wajen kashi uku cikin huɗu na Nijeriya gaba ɗaya, kuma daga birnin Houston a gabas zuwa El Paso a yamma ya fi mil 700, watau ya ɗara nisan Legas zuwa Kano.

Ni dai ban yi wannan lissafi ba. Na sauka Houston da uwargida da yara uku, da hutun kwana shida, da wata doguwar takarda ta wuraren da na ci alwashin sai mun gani. Mai masaukinmu, ɗaya daga cikin ɗimbin 'yan Nijeriya mazauna birnin, ya karanta ta, ya yi murmushi, ya ce, "Malam, wannan ai tafiyar wata guda ce. Zaɓi biyu, ka bar wa Allah saura." Na ji zafin maganar, amma kuwa na bi ta.

Muka fara da cibiyar binciken sararin samaniya ta Johnson, wadda ke kudu maso gabashin birnin. Daga nan ne aka ja ragamar kumbon Apollo 11, wanda ya sauke mutum a kan wata cikin Yuli 1969. Ɗakin da masana suka zauna suna magana da 'yan sama jannatin yana nan, an gyara shi a 2019 ya koma kamanninsa na wancan zamani. Akan zaga da baƙi cikin wasu 'yan taragai da mota ke ja, har a kai su wata doguwar rumfa inda aka kwantar da rokar Saturn V, irin wadda ta ɗaga mutane zuwa wata. Tsawonta ƙafa 363. Lalle gani ya kori ji, gama sai da muka taka daga gindinta zuwa tsininta sa'an nan na yarda da lissafin.

Har wa yau akwai wani ɗan gutsuren dutse da aka ɗauko daga wata, wanda aka yarda kowa ya taɓa. Muka bi layi, ni ina ta yi wa yara bayanin irin dukiyar da aka kashe kafin a kawo shi. Autarmu ta shafa, ta ɗago kai, ta ce, "Baba, ashe dutse ne kawai?" Na tuna kuɗin shiga na mutum biyar da na biya, na yi shiru.

A nan zan ja kunnen mai karatu game da lokaci. Mu mun je ne cikin Yuli, muka tarar da rana irin ta Sakkwato haɗe da gumi irin na Legas. Mai ƙananan yara gara ya nufi Maris, Afrilu ko Oktoba. Kuma ya yi guzuri, ya riƙa tambayar irin naman da aka sa masa a gaba, ko da yake a Houston masallatai da shagunan naman halal ba su da wuyar samu.

Wuri na biyu shi ne Fort Worth, can arewa, tafiyar sa'a huɗu da 'yan kai a mota. Bayan yaƙin basasar Amurka ya ƙare a 1865, makiyaya bisa dawaki, waɗanda muka sani a silima da sunan kaboyi, sukan koro shanu daga kudancin Teksas zuwa tashoshin jirgin ƙasa na jihar Kansas, su yada zango a wannan gari. Da jirgi ya iso garin a 1876, sai ya zama babbar kara. Cinikin nan ya mutu, amma an adana tsoffin gine-ginen, kuma tun 1999 akan koro wani ɗan garke a bi da shi ta tsakiyar titin karar sau biyu a rana, da ƙarfe 11:30 na safe da ƙarfe 4 na yamma. Kallo kyauta ne.

Shanun asalinsu daga waɗanda Sifaniyawa suka kawo ne. Da ganinsu sai jajayen shanun Bororo suka faɗo mini a rai, sai dai ƙahonin namu sama suke miƙewa, na waɗannan kuwa gefe da gefe suke bajewa, har na wani ya fi tsawon mutum. Garken bai kai abin da Bafulatani ɗaya ke kora ba, kuma cikin 'yan mintoci suka wuce. Na yi wa kaina dariya, mutumin ƙasar da shanu ke tare wa mota hanya ya ƙetare teku don kallon shanu.

Da na waiwaya sai na ga yaran sun ƙame, ko ƙiftawa ba sa yi. A Legas aka haife su, saniya kuwa sai a bayan tirela suke hango ta. Babban ya tambaye ni ko gaskiya ne kakansa ya yi kiwo, ya kuma nemi sanin sunayen shanunsa. Na laluba, biyu kacal na iya tunawa.

Na so mu kama hanya da azahar, ko ma leƙa San Antonio mu ga tsohuwar ganuwar Alamo da yawon bakin koginsa. Yara suka ce ba inda za su sai sun ga korar ƙarfe 4, uwarsu kuma ta goya musu baya. Na ninke takardata na sa a aljihu, muka nemi inuwa muka zauna jira.