Gwangwanin da ake kullewa: yini guda a rumfar gyaran keke a Ɗanzomo

Yayata ce ta kira ni bayan sallar isha'i, muryarta ƙasa-ƙasa kamar mai gudun kada yara su ji. Ɗanta na biyu, mai shekara goma sha huɗu, ya tsiri zuwa rumfar wani mai gyaran keke da zarar an tashi daga makaranta. Wata maƙwabciya kuma ta shigo mata har ɗaki ta ce ta yi hattara, yaran masu faci sholisho suke shaƙa. Tun rasuwar mahaifinsu ita kaɗai ke fama da su biyar. Ta ce, "Ke da kike aikin asibiti kin san alamun. Ki zo ki duba min. In hana shi zan yi, in hana tun da wuri."

Ranar Laraba na samu hutu, na shiga mota daga Gumel zuwa Ɗanzomo.

Wadda ba ta san yankinmu ba, Ɗanzomo tana cikin ƙaramar hukumar Sule Tankarkar, ɗaya daga cikin huɗun da ke ƙarƙashin masarautar Gumel, tare da Gumel ɗin kanta da Maigatari da Gagarawa. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya mai rairayi, ta gero da riɗi da zoɓo da wake. An gama girbi lokacin da na je, gonaki sun yi fili, sai gawo da aduwa jefi-jefi. Abin da ya ɗauki idona a hanya shi ne yawan kekuna: dattijo da buhu a kariya, yara biyu a kan keke ɗaya da jakunkunan makaranta, wani da jarkoki huɗu ɗaure hagu da dama yana turawa cikin yashi.

Ina yarinya, mai Rali babban mutum ne a ƙauye; har masana'antarta akwai a Kano. Sai babur ya zo ya yi arha, keke ya koma na yara da na wanda ba shi da hali. Daga ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin mai, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, a 2024 ta haura dubu. Magidanta da dama suka jingine babur, suka shiga zaure suka kakkaɓe kekunan da suka shekara goma a rataye. Duk wanda ya fito da irin wannan keke kuwa, wurin mai gyara zai fara tsayawa.

Rumfar tana ƙarƙashin wata darbejiya a gefen titi. Na yi tsammanin zan tarar da tarkace da baƙin mai ko'ina, irin yadda muka saba gani. Baƙin mai dai akwai shi. Amma an share wurin tas, an yayyafa ruwa don kada ƙura ta tashi, kuma an kasa shi uku. Ta bakin titi akwai famfo da kwanon ruwa, nan ake faci. A tsakiya an kafa gungume biyu da ake kifa keke a kai don aikin sarƙa da birki. Can ciki, jikin bango, maigidan ke zaune a kan tabarma da akwatin ƙarfe a gefensa. Dattijo ne da ya ba sittin baya, siriri, tabarau ɗaure da zare.

Na gaishe shi, na faɗa masa ko ni wace ce. Bai nuna mamaki ba. Ya ce, "Malama, ai gara da kika zo. Uwar da ba ta zo ta ga inda ɗanta ke wuni ba, ita nake tsoro." Ya sa aka kawo min benci.

Abu na farko da na lura da shi wani allon katako ne a rataye jikin bishiyar, an buga ƙusoshi, an zana surar kowane ƙarfe da farin fenti: sufanu daga ƙarama zuwa babba, filaya, sukudireba, guduma. Idan aka ɗauki ɗaya, zanensa na nan yana kallonka. Ya ce ba a rufe rumfa da magariba sai kowane zane ya samu mai shi. Dariya ta kama ni, don haka muke yi a ɗakin tiyata: ba a ɗinke mara lafiya sai an ƙirga almakashi da auduga sun cika. Da na faɗa masa, sai ya ce to ashe sana'armu ɗaya, bambancin kawai nasa marasa lafiyar ba sa kuka.

Yara huɗu gare shi, kuma kowa da matsayinsa. Ƙaramin cikinsu ɗiban ruwa da bugun iska kawai yake yi. Na gaba da shi, wanda shi ne ɗan yayata, an ƙara masa girma zuwa faci. Babba yana gyaran sarƙa da birki da canza boris. Miƙar da ƙafar keke da ta karkace kuwa, wato ɗaure wayoyin nan ɗaya bayan ɗaya har ƙafar ta daina rawa, wannan sai maigida da babban yaronsa da ya shekara shida a wurin. Ba a tsallake mataki. Ya ce yaron da bai iya jure wata uku yana bugun iska ba, ba zai jure zama da ƙafa ɗaya awa guda ba.

Na zauna ina kallon yaronmu yana aiki, shi kuma yana ta sunkuyar da kai don kunya. Wata yarinya ce ta turo keken yayanta, tayar baya a kwance. Ya zare tib ɗin, ya hura, ya bi shi cikin ruwa a hankali har kumfa ta nuna wurin. Ya goge, ya kankare, ya yanko faci daga tsohon tib. Kafin ya mayar, sai ya zura yatsunsa cikin tayar ya zagaya ta gaba ɗaya, ya tsaya, ya ciro wani ɗan abu ya nuna min a tafin hannu.

"Anti, tsidau ne. In ba a cire ba, kafin ta kai gida ya sake hudawa."

Tsidau, ɗan ƙayar nan mai kai-kai da ke shimfiɗe a ƙasa, shi da ƙayar aduwa su ne rabin cinikin rumfar. Ɗaya rabin rairayi ne. Maigidan ya ce mutane na tsammanin gata suke yi wa sarƙa idan suka kwarara mata baƙin mai, alhali man ne ke kama yashi, yashin ya riƙa cin ƙarfe kamar dutsen niƙa. Shi wankewa yake da kananzir, ya bari ta bushe, sannan ya ɗiga mai kaɗan ya goge saura. Iyaye mata da ke da 'yan makaranta masu keke, wannan kaɗai zai rage muku kuɗin sarƙa.

Harkar kuɗi ma da tsarinta. Ba a taɓa keke sai an faɗa wa mai shi abin da zai biya. Duk abin da aka cire, ko ya mutu murus, ana miƙa masa kayansa ya gani da idonsa. Akwai littafin bashi, ɗan littafin makaranta mai layi, an rubuta shi da ajami. Yana ɗaga wa manomi kuɗin aiki har kaka, amma ba ya ba da kayan gyara bashi, don shi ma da kuɗi a hannu yake saro su daga Kano. Ya ce, "Gumina zan iya jira. Kuɗin mutanen Kano ba sa jira." 'Yan makaranta kuma da safe su ake fara sallama, ko da Alhaji ne a layi.

Sai na zo kan abin da ya kawo ni. Ban yi kwana-kwana ba. Na ce, "Baba, ina sholishon?"

Ya ɗan yi shiru. Sannan ya zaro makulli daga igiyar da ke wuyansa, ya buɗe akwatin, ya fito da gwangwanin. Ya ce shi kaɗai ke buɗe shi. Idan za a yi faci, yaro ya kawo tib, shi ya lakata ya shafa, ya rufe, ya mayar. In zai tafi masallaci, makullin na tafiya da shi. Ba ya sayar wa kowa ko na sisi, kuma duk yaron da ya zo da 'yar leda ya ce an aiko shi, sai ya ce ya je ya kawo keken. Shekarun baya, a wani gari, ya taɓa samun yaro mai hannu, wanda ya fi duk waɗanda ya koyar. Gwangwani a buɗe yake a lokacin, kowa na ɗiba. Bai ankara ba sai da yaron ya fara magana shi kaɗai. Ya ce, "Har yau in na ga uwarsa a kasuwa, hanya nake canzawa."

Tsoron maƙwabciyar yayata ba na banza ba ne. Abin da ke cikin sholisho mai narkar da roba ne, yana bi ta huhu ya kai ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙoƙi. Wanda ya daɗe yana shaƙa, yana taɓa masa tunani da ji da ƙoda da hanta, kuma yana iya rikita bugun zuciya mutum ya faɗi nan take, ko da a karon farko ne. Alamun ba su da wuyar ganewa ga uwa mai lura: wari a numfashi da riga, ƙuraje ko ja a kewayen hanci da baki, jajayen idanu, tsumma ko leda da ake dunƙulewa a hannu ba a son a gani, rashin cin abinci, da layi kamar mai jin barci. Na kira yaronmu gefe da sunan zan duba masa wani ƙurji, na kalli idonsa da hancinsa, na sunsuni wuyan rigarsa. Ban ji komai ba sai zufa da kananzir.

Kada a ce na zo yabo kawai, akwai abin da bai yi min ba. Da azahar na ga yaran suna wanke hannu da fetur, fatar yatsun babban duk ta tsattsage. Ƙaramin kuma waya ta yanke shi, aka ɗaure masa da tsumman da ake goge sarƙa. Na tambaya ko akwai wanda aka yi wa allurar tetanus a cikinsu, ta rigakafin sarƙewar haƙora, suka kalli juna. Nan fa muka ɗan ja da maigidan. Ya ce shekara arba'in yana haka bai mutu ba. Na ce masa ni kuma na ga waɗanda suka mutu, kuma ba na fatan ya ga irin mutuwar. Bai amsa ba, amma da na aika aka sayo sabulu da omo, bai hana a ajiye su kusa da kwanon ruwa ba. Abin da yake ba yaran ma bai taka kara ya karya ba, kuɗin abinci ne da ɗan na kashewa. Ban san wata rumfar da ta fi haka ba, amma ba zan ce ya isa ba.

Da la'asar aka fara haɗa wani ƙaramin akwati daban: famfo, tib biyar, sufanu uku, faci yankakku. Gobe Alhamis, ranar kasuwar Maigatari, babbar kasuwar dabbobin nan ta bakin iyaka da mutanen Nijar ke cikawa. Babban yaron ke zuwa ya kafa a can, wani lokaci har da sefa ake biyansa. Maigidan ya ce watannin da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, har zuwa Maris ɗin 2024, wannan akwatin bai fita ba sau da yawa, don kuɗin mota ma ba ya dawowa. Na lura ɗan yayata na ta kallon akwatin. Na kuma lura sholishon da za a tafi da shi, a wata 'yar kwalba aka zuba, aka miƙa wa babban yaron hannu da hannu, aka ce gobe da daddare a dawo da ragowar a gani.

Na isa gidan yayata ana kiran magariba. Ko mayafi ban cire ba ta ce, "To?"

Na ce ta bar shi. Amma makaranta da islamiyya su ne gaba, ranar Asabar zan zo in kai su huɗun duka a yi musu allura, kuma ita da kanta ta riƙa bi ta wurin lokaci-lokaci ba tare da ta sanar ba. Ta yi ajiyar zuciya, ta ce Maigatari fa? Tun makon jiya yake damunta a bar shi ya bi su.

Na ce wannan kam ba yanzu ba. Yana daga bakin ƙofa yana jinmu, hannunsa na warin sabulu, ya ce, "Anti, ko bayan jarrabawa?"